Rabon Taswirar Fanya

A Agege, duk takardar da aka ja wa layuka aka danƙara mata hatimi, takardar fili ce. Ba ka isa ka raba mutanenmu da wannan imani ba. Mutanen da iyayensu suka sayi fuloti ɗaya daga hannun mai ƙasa, suka sake saye daga hannun ɗansa, suka kuma saye daga hannun jikansa, ba za ka ga laifinsu ba idan gabansu ya faɗi da ganin takarda. Na san wannan tun ina koyar da labarin ƙasa a sakandare. Abin da ban zata ba shi ne wata rana wannan jahilci zai tuɓe takalmi a ƙofar falona, ya shigo, ya harɗe a kan tabarmar matata.

Baiwa, matata, a Fanya aka haife ta. Fanya shi ne sunan da mutanenmu suka ba tsibirin Fernando Po, wanda Turawan Sifen suka mulka, can cikin teku kudu da Kalaba. Mahaifinta, Yari, mahauci ne a garin Santa Isabel, yana sayar wa leburorin gonakin koko nama. Da gwamnati ta kwaso 'yan Najeriya daga tsibirin a shekarun saba'in, Baiwa ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa tana yarinya, ƙaninta Ashiru yana goye a bayan uwarsu. Akwatin ƙarfe ɗaya suka tsira da shi. Shi aka ba ta ranar da aka kawo ta gidana, kuma a ƙasansa taswirar take, an shimfiɗa ta don kada tsatsa ta taɓa zannuwa.

Taswira ce ta masu jirgin ruwa, da rubutun Sifaniyanci. An yanka ta gida takwas an manna a kan farin yadi, yadda za ta naɗu ba tare da ta yage ba. Tsibirin ya cinye rabin hagu. A dama ta sama akwai bakin gaɓar Kamaru da hatimin sarautar Sifen. A dama ta ƙasa ruwa ne zalla, sai ƙananan lambobi kamar an watsa wa kaji gero. Baiwa ta ce a bola babanta ya tsince ta, bayan ofishin tashar jiragen ruwa, shekarar da Turawan suka tattara nasu-ya-nasu. Yadin ne ya ba shi sha'awa.

Da na yi ritaya sai na ɗora wa kaina aiki: in gano wanda ya zana ta, da shekarar, da jirgin da ya yi awon. Na sayi ƙamus na Sifaniyanci a wurin masu baza littattafai a ƙasa a Oshodi. Na yi ta sintiri gidan adana tarihi na Ibadan, ina karanta fayil-fayil na 'yan ƙwadagon da aka kai Fanya. Na rubuta wa wani gidan adana takardun sojan ruwa a Sifen, wata ma'aikaciya a can ta ji tausayin tsoho ta riƙa amsa mini, tana aiko hotunan taswirorin da suka girmi tawa in kwatanta. A haka na gane cewa lambobin nan zurfin ruwa ne. Matuƙi zai tsaya a bakin kwale-kwale, ya jefa dalma ɗaure da igiya, ya ƙirga gaba nawa ta nutse kafin ta taɓa ƙasa. Ana shafa wa gindin dalmar kitse, in ta fito a ga abin da ya manne, yashi ne ko laka ko dutse, a rubuta. Kowace lamba a takardar nan wani mutum ne ya tsaya a rana ya ja igiya. In ka bi jerin lambobin da yatsa, hanyar kwale-kwalen kake bi.

Baiwa takan leƙo ta ce, "Kai da ko a bakin tekun Bar Beach ba ka taɓa sa ƙafa a ruwa ba."

Wata rana ta ce in nuna mata unguwarsu. Na ce lokacin da aka yi taswirar nan ko kakanta ba a haifa ba, inda unguwar Hausawa take daji ne. Ta ce to taswirar banza ce. Amma ita ke gyara mini furucin kalmomin, don ta tashi da su a kunne, kuma ba ta taɓa yarda na naɗe ta da kaina ba. Ta ce hannuna na riƙe alli ne.

Ta rasu ana gobe Arfa. Bayan sadakar arba'in aka sa ranar rabon gado, wata Asabar da hantsi.

Mu uku ne magada. Ni mijinta, ina da rubu'i. Mastura, 'yarmu tilo, tana da rabi. Abin da ya rage na Ashiru ne. Ashiru dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, mutum ne da in ya yi maka sallama sai ka laluba aljihunka. A al'ada ƙanin mata abokin wasa ne, to ni ban taɓa samun abin wasa a tare da shi ba. Sannan ga wani ƙulli: ɗansa Sabiru ne ke auren Mastura. Wato kawunta ne kuma surukinta. Tun da aka yi auren nan ban ƙara jin ta ɗaga murya a gabansa ba, ko sunan tumatir sai ta yi ƙasa da kai ta faɗa.

Malam Ridwanu, wanda ke raba gado a unguwar, ya zo da tabarau da wayarsa ta lissafi. Aka baje kaya a tsakar falo: zannuwa, kwanukan samira, keken ɗinki, sarƙa da 'yan kunne na gwal, fulas-fulas. Mastura ta zauna a bakin ƙofar ɗaki cikin hijabi. Sabiru yana waje yana waya.

Ni na jawo wa kaina, da niyyar in sauƙaƙa wa kowa. Kafin Malam ya gama bismilla na ce, "Malam, kada a wahala da ni. Ba na son gwal, ba na son keke. Na bar musu rubu'ina duka. A ba ni takardar da ke ƙasan akwati kawai."

Ashiru ya ajiye goron da ya kai baki.

"Wace takarda?"

"Tsohuwar taswira ce. Ba ta da wani amfani."

"Ba ta da amfani," in ji shi, yana kallon Malam Ridwanu. "Malam ka ji, ko? Mutum ya bar gwal saboda abin da ba shi da amfani. A Legas. Oya, Tisha, ɗauko mu ga marar amfanin."

Tisha yake ce mini, tun ina da hakki a kan sunan har na rasa shi.

Na ɗauko. Na share wuri a kan tabarma, na warware ta gida-gida. Ƙamshin kafur da humrar Baiwa ya tashi, na ga Mastura ta juyar da kai. Ashiru ya durƙusa, ya kai hannu. Na ce ya goge yatsunsa. Bai goge ba. Ya dangwala yatsa a kan hatimin, ya ɗago idonsa jawur.

"Lahaula! Gonar Baba!"

"Babanku mahauci ne."

"Mahauci ba ya sayen gona? Inna ta sha faɗa mana Baba ya bar dukiya a Fanya. Ga hatimin gwamnati. Ga layin safiyo. Ga lambobin fuloti, dubi yawansu!"

"Zurfin ruwa ne, Ashiru. Wurin da ka ɗora yatsa teku ne. In kana da fuloti a nan, kifi ne ɗan hayarka."

"To me ya sa Turawa suke rubuto maka wasiƙa? Sabiru ya gani da idonsa, ambulan da kan sarki na waje. Bature zai ɓata lokacinsa a kan ruwa? Sebi, ai kai kaɗai ka yi boko. Shekara da shekaru kana zuwa Ibadan, Yaya Baiwa tana cewa bincike kake yi. Ashe binciken yadda za ka cinye marayu ne."

Maraya mai furfura da gidan sama a Iyana Ipaja.

Na yi abin da na saba yi wa 'yan aji uku. Na nuna masa alamar arewa. Na nuna masa ma'aunin nisa. Na karanta masa rubutun da ke ƙarƙashin hatimin, na fassara: taswirar tsibirin Fernando Po da mashigansa, bisa awon hafsoshin jirgin ruwan sarauniya. Na ce masa tsibirin nan ya ninka Agege sau barkatai, dutsen da ke tsakiyarsa ya shige gajimare, babu mahaucin da ya taɓa mallakarsa. Na buɗe wayata na nuna masa irinta da matar nan ta aiko daga Sifen. Ya karɓi wayar ya duba da kyau, ya miƙa wa Malam.

"Ka gani, Malam? Har a can suna da kwafi. An yi rajista ke nan."

Na koyar da yara masu taurin kai, amma yaro yana da uzuri, bai riga ya yi kuɗi da jahilcinsa ba.

Malam Ridwanu ya gyara tabarau. Mutumin kirki ne, sai dai yana da wani rabon a Dopemu bayan azahar, kuma tun da ya zauna yake satar kallon agogo. Ya ce a shari'a abin da rabawa ke lalata shi ba a tilasta wa magada su raba shi. A yi masa ƙima, wanda yake so ya riƙe, ya biya sauran hakkinsu.

"Madalla," in ji Ashiru. "Tisha ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu cewa ba ta da amfani. A ba shi fulas ɗaya a madadin rubu'insa, ni in kai wa lauyana."

"Kai kuma ka faɗa a gaban shaidu cewa gona ce," na ce. "Biya ni rubu'in tsibiri, ka ɗauka."

Ya janye hannunsa daga kan hatimin. Ni ma ba wani numfashi na samu ba, don tarkon ya kama mu tare. In na yarda da ƙimarsa ba zan iya saye ba ko na sayar da gidan da kaina. In na tsaya a kan tawa, fulas zan tashi da shi.

Malam ya juya wajen ƙofa. "Mastura, ke ce mai rabi. Inda kika karkata nan rinjaye yake. Me kika ce?"

Na kalle ta. Ban roƙe ta ba, ban ga dalilin roƙo ba. Yarinyar nan a kan taswirar nan ta ga uwarta tana dariya. Ta san abin da nake yi da ita kowace safiya bayan na sha shayi. Ta san ba ni da wani aikin.

Ta ja bakin hijabinta ta rufe ƙafa. "Duk abin da Kawu ya ce."

Ashiru ya mayar da goronsa baki.

Ashiru ya shiga bayani, muryarsa ta yi laushi irin ta wanda ya ci kasuwa. Lauyansa yana da mutum a Kalaba, mutumin yana da mutum a Malabo, wato Santa Isabel ta da. In aka karɓo gonar ba zai manta da ni ba, ai ana tare. Na hango takardar nan a cikin jakar leda, a cikin motar haya ta danfo, a kan teburin lauya ƙarƙashin kwanon amala, ana buga mata sitefula a kusurwa. Takardar da ta tsira daga bola, ta tsallake teku, ta yi zaman aure a ƙasan akwati ba ta yi ko tabo ba.

"Ban sayar ba," na ce. "Ba na karɓar fulas, ba na karɓar alkawari. Rubu'ina nake so, a cikinta."

"Malam Isah," in ji Malam Ridwanu, "ai na ce ba a..."

"Ka ce ba a tilasta wa magada. In sun yarda fa?"

Ya sosa gemu. Ya ce in duk sun yarda dukiyarsu ce, amma shi bai ba da shawara ba.

Ashiru ya tuntsire da dariya. Ya sake duba taswirar, ya auna da tafin hannu, ya buga a kan kusurwar dama ta ƙasa, inda babu ƙasa ko ta tsayuwar zakara. Ya riga ya manta cewa ɗazu nan ne fulotansa.

"Kai ka ce nan ruwa ne, ko? To ga rubu'inka nan. Na yarda. Ɗebi ruwanka, Tisha, ka yi alwala. Hatimi da tudu namu ne." Ya juya ga Malam yana ƙyafta ido. "Bar shi. Mutumin da ke sa a wanke hannu kafin a taɓa ta? Wallahi ba zai iya ba."

"Mastura, miƙo almakashi."

Yana nan a aljihun keken ɗinkin, cikin kayan gado. Ba ta motsa ba.

"Baba, don Allah."

"Kin ce duk abin da kawunki ya ce. Kawunki ya ce ya yarda."

Na tashi na ɗauko da kaina. Tsakanin gida da gida na taswirar akwai ɗan siririn fili inda yadi ne kawai, nan take naɗewa. Nan na sa bakin almakashin. Tsohon yadi yana da wata ƙara in ana yanka shi, kamar ana taka busasshen ganye. Ashiru ya daina dariya tun a yankan farko. Ya ce, "Kai, kai, Tisha, wasa nake!" Na ce ai ni abokin wasansa ne. Na yi sama, na karya kwana, na fita ta gefe. Gida biyu suka rabu da sauran suka zauna a hannuna. Jerin lambobin da na yi shekaru ina bi da yatsa ya zo bakin yanka ya tsaya.

Malam Ridwanu yana ta innalillahi. Sabiru ya leƙo da waya a kunne, ya ga abin da ake ciki, ya koma.

Ashiru ya jawo sauran gida shidan gabansa da hannu biyu, yana huci. "Mugu. Baƙin mugu. Allah ya isa tsakanina da kai. Amma ba komai, mai hatimin tana nan, lauya zai san yadda zai yi." Ya fara naɗewa ta inda ba a naɗewa.

"Malam."

Muryar Mastura ce. Ta taso daga bakin ƙofa ta durƙusa a gefen tabarma.

"Tunda yanka ake yi, ina rabina?"

Ashiru ya ɗago. "Ke, ai naki yana wurina. Ni da ke ɗaya ne."

"A'a, Kawu. A cire mini."

"Mastura! Ni kike faɗa wa haka? Surukinki?"

"A gida kai surukina ne, Kawu, in na koma zan durƙusa in gaishe ka. A nan kai mai rubu'i ne." Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta sunkuyar da kai ba. "Ka ce hatimi kake so, ga shi nan a naka ɓangaren. Ni garin da aka haifi uwata nake so."

Malam ya ce, a hankali, hakkinta ne.

Ta miƙo hannu ba tare da ta kalle ni ba, na sa mata almakashin. 'Yar tela ce, yanka ɗaya ta yi, miƙaƙƙe, ya fi nawa kyau. Ta naɗe tsibirin yadda uwarta ke naɗewa, ta sa a jaka ta ja zif. Aka bar Ashiru da hatimin sarautar Sifen da bakin gaɓar Kamaru, ƙasar da ubansa bai taɓa takawa ba. Ya tashi yana zage-zage da Hausa da Yarabanci, ya ce sai ya kai mu kotu, ya ce Sabiru ya zo ya ga tarbiyyar da aka yi wa matarsa. Amma da zai fita ya cusa rubu'insa a aljihun babbar riga, bai kuma manta da kasonsa na gwal ba.

Malam ya raba sauran kayan cikin gaggawa, ya yi addu'a gajeriya, ya nemi takalmansa.

Mastura ta tsaya ta kwashe kwanuka, ta share zaren da ya zuba a kan tabarma. Ina zaune da ruwana a cinya. Na ce a raina yarinyar nan ashe dabara ta yi, ta bari kawunta ya fita ne ta ciro tsibirin ta ba ni, in nemi yadi in haɗa. Kashi uku cikin huɗu ba laifi. Har na fara tunanin irin gam ɗin da ba zai ci takarda ba.

Ta rataya jaka.

"Mastura, tsibirin fa?"

"Yana jakata."

"Ai aikina bai ƙare ba. Akwai sunayen mashigai a gefen yamma da ban gama kwatantawa ba."

"Kana da hotonta a waya."

"Hoto ba ya nuna..."

"Baba." Sai yanzu ta kalle ni, idonta irin na uwarta in an taɓa ta. "Na bi bayan Kawu ɗazu don in tsira da aurena. Na ce in Kawu ya kai wa lauya aka yi masa dariya, zai watsar da ita, in ɗauko in kawo maka cikakkiya. Wata ɗaya, ko biyu. Ba ka iya jira ba, sai ka nuna masa kai ne mai gaskiya. Shi bai san abin da yake taɓawa ba. Kai ka sani, ka sa mata almakashi."

Na ce ai da sai ta yi mini ko alama da ido.

"A gaban surukina?"

Sabiru ya danna hon a waje. Ta gyara hijabi, ta ɗauki kwanukan da suka faɗo a kasonta.

"Zan iya zuwa gidanku a Ilupeju in duba, ko da sau ɗaya a mako?"

"Ka bari tukuna," ta ce. "Yau ban san ma ko ni za a bari in shiga gidan ba."

Ta sa takalmi ta fita, ta ja mini ƙofa.